Makullin Kabad ɗin Tiya Soling

San Isidro, tsibirin Panay
Janairu

Zuwa ga ɗana Renante,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da mutanen jirginku, waɗanda nake roƙon Allah ya sa suna cin girkinka ba gunaguni. Mu nan ƙalau muke. Gwiwata tana nan da halinta, kunnena na hagu kuwa ya yi ritaya gaba ɗaya, don haka kada ka sake ɓata kuɗinka a waya kana ta ihu daga tsakiyar teku ina ce maka "Me ka ce?" Ka rubuto. Tun ranar da yayata ta rasu ta bar mini kai kana rarrafe, ban taɓa jin ka yi magana a tsanake ba sai a takarda.

Maigidana, Tiyonka Cleto, yana gaishe ka. Likita ya sake duba zuciyarsa, ya ce tana nan yadda take, amma ya daina cin soyayyar fatar kaza, ya daina shan giya, ya daina ɗaga ƙarfe mai nauyi. Ya amsa da to, to, to. Muna fitowa daga asibitin ya tsaya wajen mai gasa kaza. Tsoho ya doshi saba'in, amma da samari sun shigo gidan motsa jikinsa da ke ƙasan benenmu sai ya tuɓe riga ya tsaya gaban madubi yana murɗa damtse. Na ce masa, "Cleto, wannan da kake nunawa ba tsoka ba ce, tarihi ne." Ya ce ai tarihin ma biya ake yi a shiga a gani.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. Majalisar gari ta kafa doka cewa duk gidan motsa jiki sai ya ajiye na'urar nan mai farfaɗo da zuciya idan ta tsaya, in ba haka ba, ba za a sabunta masa lasisi ba. Asalin abin, wani malamin makaranta ne ya yanke jiki ya faɗi a sabon gidan motsa jikin da ke bayan kasuwa. Kafin motar asibiti ta ratso cunkoson babura, rai ya yi halinsa. Bai kai arba'in ba, ya bar mata da ciki.

Cleto ya yi ta faɗa, wai shekara talatin yana da wannan wuri ba wanda ya taɓa mutu masa, iyaka mutum ya fita da ciwon baya. Ni kuwa ba samarin nake tunani ba. Kullum da sassafe yakan sauka ƙasa shi kaɗai kafin a buɗe ƙofa. Da na ji ƙarar ƙarfe sai in ajiye abin da nake yi, in kasa kunnen da ya rage mini, har sai na ji ya dire shi ya yi tari. Tsoro nake ji, Nante, kuma ban taɓa gaya masa ba.

Ka taɓa cewa kuna da irin na'urar a jirgi. Ka gaya mini gaskiya, tana aiki, ko dai wata sabuwar hanyar tatsar talaka ce?

Tiyarka,
Soling

Tashar jiragen ruwa ta Santos
Fabrairu

Tiya Soling,

Ina gaishe ki da girmamawa, ke da Tiyo Cleto. Lafiyata lau, sai ƙunar mai a babban yatsa, ta ma warke. Wasiƙarki ta riga mu isowa nan, wakilin kamfani ne ya hawo da ita tare da buhunan albasa, shi ya sa har yanzu take warinsu. Na karanta ta a tsaye a kicin, na sake karantawa a zaune.

Na'urar tana aiki, Tiya, da idona na gani. A jirgin da na bari bara, wani mai gyaran inji ɗan Cebu ya faɗi a bakin matakala, ba numfashi. Wani ya durƙusa yana danna masa ƙirji, wani ya ruga ya cire na'urar daga bango. Magana take yi, ita ce za ta ce a manna nan, a manna can, kowa ya ja da baya. Idan mutum ba ya bukatar bugun lantarki ba za ta buga masa ba, ko da an roƙe ta. Mutumin nan yau yana gida, ya buɗe shagon gyaran babura, yana kuma binmu da hotunan jikarsa har mun gaji.

Abu ɗaya ne ba ta da haƙuri a kansa, wato lokaci. Zuciya idan ta tsaya ba ta jiran motar asibiti, 'yan mintoci ne kawai a hannun mutum. Saboda haka ki ajiye ta a ƙasa, cikin gidan motsa jikin, inda duk wanda ya shigo zai gan ta, ba a sama cikin ɗakinku ba. Ki kula da ita sosai. Sannan a samu mutum biyu ko uku su je su koyi yadda ake danna ƙirji.

Maganar saye kuma kada ki sa ta a ranki, na yi magana da kamfani za su aiko miki. Kada ki ce a'a. Ke ce kika sayar da keken ɗinkinki kika kai ni makarantar aikin jirgi, ban ji kin tambayi ra'ayina ba a lokacin.

Ki ce wa Tiyo mutanen jirgi sun ga hotonsa na zamanin gasar ɗaga ƙarfe, sun ce ba su yarda jinina ba ne. Na ce musu ai mijin ƙanwar uwata ne, ni daga wajenki na gado hannuwa.

Ɗanki,
Nante

San Isidro
Ƙarshen Maris

Nante,

Ina fatan yatsan ya warke sarai, ba irin warkewar da kake faɗa don in yi shiru ba. Mu lafiya, sai zafi. Game da hannuwa kuwa, da su na raine ka, kuma da su zan ja kunnenka idan ka dawo.

Baƙuwa ta iso. Ashe 'yar ƙarama ce, rawaya, ba ta kai tukunyar dafa shinkafa ba. Yaron shagon da ya kawo ta daga birnin Iloilo ya sa mata batir ya kunna, sai muka ji muryar mace tana ba da umarni da Turanci, ba gaisuwa ba komai. Cleto ya ce, "Wannan ai shugabar makaranta ce." Tun daga nan sunanta ya zama Madam. Samari idan sun shigo sai su ce, "Barka da asuba Tiyo, barka da asuba Madam."

An yi koyon a zauren majalisa. Cleto ya je, tare da Jovelyn, 'yar mai gidan burodi, wadda ke koya wa mata rawar motsa jiki a wajenmu da safe. Ni ban je ba, dole wani ya tsare ƙofa. Da suka dawo Jovelyn ta ce Tiyonka ya danna ƙirjin mutum-mutumin roba har kansa ya cire ya gangara ƙarƙashin tebur. Shi kuma sai cewa ya yi, "An koya mini yadda zan tayar da kowa a garin nan, ban da wanda aka sayi abin dominsa." Ya yi dariya. Ashe ya sani. Na shige kicin don kada ya ga fuskata.

Jami'in duba-gari ya zo ranar Talata. Ya kalli Madam, ya ga takardar shaidar koyon, ya ci wainar shinkafata guda uku, ya sa hannu. Lasisi ya fito, mun rataye shi kusa da madubi.

Na bi maganarka. Tana ƙasa, na kuma ba ta wurin da ya fi ko'ina daraja a gidan. Duk wanda ya shigo, a kanta idonsa yake fara sauka. Ƙura ba ta taɓa ta, gumin kowa ba ya ɗiga mata, kuma ba mai ɗan hali da zai iya sa ta a jaka ya fita. Tun da ta zo nake barci mai kyau. Ko na ji ƙarar ƙarfen Cleto da sassafe, sai in ci gaba da dafa kofina.

Ni ma na shiga rawar Jovelyn, a layin baya, inda ba mai ganin ƙafafuna suna saɓa wa kiɗa.

Tiyarka,
Soling

Tashar jiragen ruwa ta Durban
Afrilu

Tiya,

Gaisuwa a gurguje, jirgi ba zai kwana a nan ba. Lafiyata lau. Na ji daɗin wasiƙarki ƙwarai, har na ƙara wa mutane kaza a abincin rana ba tare da sun san dalili ba. Na rufe ido na hango Madam a rataye a bango kusa da ƙofa, daidai tsayin hannu, kamar tamu ta jirgi. Hankalina ya kwanta. Ki gaishe da Jovelyn, ki ce mata ta dawo da ke layin gaba, mutanen gari su ma su samu abin kallo.

Nante

San Isidro
Mayu, bayan bikin gari

Ɗana mara kunya,

Lafiya muke, kuma layin baya nake har yanzu. Zafin bana ne dai ya yi yawa, idan na hau bene sai na tsaya a tsakiya na huta, numfashi yana ɗan yi mini gardama. Cleto ya ce tsufa ne, na ce ya fara duba nasa.

Biki ya yi kyau. An zaga da mutum-mutumin waliyyin gari a kan keken shanu, an yi masa ado da dami-damin shinkafa, 'yan badujala sun busa har leɓensu ya kumbura. Baƙi sun cika mana gida, na dafa miyar tsamiya da kifi, na gasa kaji. Mangwaron da aka kawo daga Guimaras ya tuna mini da kai, na ci rabonka.

Wane bango kake magana? Nante, ka taɓa ganin na rataye abu mai tsada a ƙusa kamar tawul? Madam tana cikin kabad ɗin kakarka. Ka san tun da aka mayar da falon ƙasa wurin ɗaga ƙarfe kabad ɗin yake nan a kusurwa, ƙarti huɗu sun kasa haurawa da shi sama. Na goge gilashinsa saboda biki, yana ta ƙyalli. A sama farantan tangaran ɗin nan ne masu bakin zinariya, na auren kakarka, waɗanda ba a taɓa zuba musu ko ƙwayar shinkafa ba. Ita ta ajiye su don babban baƙo har ta koma ga Allah, ni ma ina ajiye da su. A tsakiya mutum-mutumin Jariri Yesu, a gefensa Madam, na mayar da ita cikin ledarta kamar yadda ta zo, na ɗora mata ɗan kyallen da na saƙa. Tana da wata 'yar koriyar fitila mai ƙiftawa, ana ganinta ta cikin ledar, sai ka ce kyandir ta kunna masa.

Makullin ne kawai ke ba ni aiki. Kwalbar giyar barandin da ka aiko bara tana ƙasan kabad ɗin, kuma ka san Tiyonka. Da a wuyana nake rataye shi, sai na kama shi yana lallaɓa igiyar ina gyangyaɗi da rana. Yanzu kullum sai na sake masa maɓoya, ba wanda ya sani sai ni. Jiya ya zazzage akwatin zare gaba ɗaya yana nema, na tsaya ina kallonsa ina dariya. Likita ya ce kada ya sha, kuma muddin ina numfashi ba zai sha ba.

Tiyarka,
Soling

A tsakiyar teku
Yuni

Tiya Soling,

Ina gaishe ki, ina fatan kowa lafiya. Ki gafarce ni, yau gaisuwar gajera ce. Na karɓi wasiƙarki ana ɗage anga, na karanta bayan ƙasa ta ɓace, miyar da ke kan wuta ta kama ban sani ba.

Na roƙi kyaftin ya ba ni wayar jirgi na kira ki. Kin ɗauka, kin ce, "Lafiya muke, kada ka ɓata kuɗinka," kin kashe. Na sake kira, kiɗan Jovelyn kawai nake ji. Wannan takardar kuma ba za ta tashi ba sai mun kai tasha, makonni nan gaba.

Tiya, don Allah ki fito da na'urar nan daga kabad ranar da kika karanta wannan. Ki cire mata leda, ki rataye ta a ƙusa, kamar tawul ɗin da kika raina. Ba kayan ado ba ce, ba ta baƙi ba ce. Ki duba abin da kyau: Tiyo yana ƙasa da sassafe, ke kin tafi coci ko kasuwa, makulli yana inda ke kaɗai kika sani. Wa zai buɗe? Ba a fafe gora ranar tafiya, ke kika koya mini. Gara a sace ta sau goma in sake saya, da ta zauna tsaf a bayan gilashi tana ƙifta ido mutum yana kwance a gabanta.

Barandin kuma laifina ne da na aiko. Ki tuttular da shi a kwata.

Wannan tsayawar da kike yi a tsakiyar bene ma, ki gaya wa likita idan kin raka Tiyo.

Ɗanki da ya kasa barci,
Nante

Asibiti, Iloilo
Yuli

Renante,

Cleto ne. Ka san ni ba mai rubutu ba ne, ga shi kuma hannun dama yana naɗe da bandeji, shi ya sa layukan suka karkace. Daga asibiti nake rubuto maka. An yi amfani da Madam. Ta yi aikinta. Likita ya ce an tsallake, nan da kwanaki za mu koma gida. Tiyarka ba za ta iya rubutu yanzu ba, ta ce in gaishe ka, in ce kada ka kuskura ka bar aikinka ka taho. Kabad ya lalace. Na gode, yaro. Ban san yadda ake rubuta irin wannan godiyar ba.

Tiyo Cleto

Tashar jiragen ruwa ta Busan
Agusta

Tiya Soling,

Ina gaishe ki, ina kuma yi miki sannu da jinya. Takardar Tiyo ta same ni a nan. Na zauna a kan buhun dankali na yi kuka, mataimakina ya zaci mutuwa aka yi, na ce masa a'a, akasin haka ne.

Abin da kika daɗe kina tsoro ya zo, kuma ya wuce. Tiyo har yana iya riƙe biro, wannan kaɗai ya ishe ni. Na san bandejin na ƙarin ruwa ne. Na kuma san dalilin da ya sa kika kasa rubutu, domin na san ki: kina zaune bakin gadonsa da carbi, ba kya ci ba kya barci, kina tuhumar kanki a kan makullin nan. Ki daina, Tiya. Ko yaya aka yi aka buɗe kabad ɗin, an buɗe. Wasiƙar da na aiko daga teku ta yi zafi, idan ta iso kada ki riƙe ni da ita.

Yanzu sai kula da shi. Ba mai, ba gishiri da yawa, kifi a dafa kada a soya. Ƙarfe kuwa ko na buɗe gwangwani kada ya ɗaga. Idan ya yi gardama ki ce ni na ce. Ke ma ki riƙa hutawa, kada jinya ta kayar da ke.

Ɗanki,
Nante

San Isidro
Satumba

Nante, ɗana,

Bayan gaisuwa, ina sanar da kai cewa ina lafiya, kuma wannan karon kalmar tana da nauyi. Wasiƙunka biyu sun iso rana ɗaya, mai faɗan da mai lallashin. Na sa Cleto ya karanta mini ta biyun da ƙarfi. Da ya kai wajen "ko na buɗe gwangwani kada ya ɗaga," sai ya ajiye takardar ya yi ta dariya har da hawaye. Ni ban iya taya shi ba, haƙarƙarina biyu ba su gama ɗinkewa ba.

Tiyonka garau yake kamar ɓauna. Ni ce na faɗi.

Ni na hana shi gaya maka, don na san za ka tsallake yarjejeniyar aikinka ka hawo jirgin sama. Shi kuma bai iya ƙarya ba, sai ya rubuta maka gaskiya ya cire mata nama ya bar ƙashi.

Ban tuna komai ba, abin da aka ba ni labari zan ba ka. Safiyar Laraba ce, muna rawa. Na tuna na ɗaga hannu sama, daga nan sai farin silin asibiti. Sun ce na sulale a layin baya ba ko ƙara, har an yi juyi biyu kafin matar mai kemis ta waiwayo ta gan ni. Jovelyn ta kashe kiɗa ta durƙusa, ta ga ba numfashi, ta hau danna mini ƙirji tana kiran Cleto. Yarinyar nan da nake cewa iska za ta iya ɗauka, ita ce ta karya mini haƙarƙari, kuma likita ya ce in gode mata.

Cleto ya ruga wajen kabad ya ja ƙofa. Ya dawo ya laluba wuyana, ba igiya. Ya laluba aljihuna. Sun ce har sunkuyawa ya yi yana ce mini, "Soling, ina makullin? Soling, ba don barandi ba ne, na rantse." Matan suka watsu, wata ta zazzage gwangwanin sukari, wata ta hau sama tana ɗaga katifa. Madam tana bayan gilashi tana ƙifta ido, kamar yadda ka rubuta a takardar da ba ta iso ba tukuna.

Sai ya ɗauki ƙarfen hannu, irin wanda likita ya hana shi. Matar mai kemis ta ce ya tsaya gaban kabad ɗin ya ce, "Surukata, ki yafe mini," sannan ya maka. Gilashin da ya girme shi ya zube, katakon sama ya karye, farantan suka biyo baya. Ya zura hannu ta cikin fasassun ya fizgo Madam, nan ya yanke, ya yage ledar da haƙori.

Madam ta ce a buɗe ƙirji. Sun ce Cleto ya yi turus, ga samari sun taru. Jovelyn ta ce, "Tiyo, ranar wanka ba a ɓoyon cibi," ta sa almakashi ta tsarge mini riga, sabuwa, wadda na ɗinka don biki. Matan nan kuwa, Allah ya saka musu, suka jeru suka kewaye ni da tawul-tawul, suka juya wa samarin baya. Aka manna, Madam ta ce kowa ya ja da baya, Cleto ya danna maɓallin. Jovelyn ta ci gaba da aikinta. Can sai na ja numfashi. Matar mai kemis ta rantse kalmar da na fara furtawa a motar asibiti ita ce "farantai," amma ka san ta da ƙarin gishiri.

A Iloilo sun ce wata jijiyar zuciya ce ta toshe, sun buɗe ta. Wai ta daɗe tana ba ni sanarwa a tsakiyar bene. Shekara da shekaru ina kasa kunne ga zuciyar wani, tawa tana ƙwanƙwasa ƙofa ta ɓangaren kunnen da ba ya ji.

Na saba ce maka abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. To, ban taɓa cewa komai game da yaron da ya hau jirgin ruwa ba. Iyakar abin da za ka samu daga wajena ke nan, kada ka jira ƙari.

Madam tana rataye a ƙusa kusa da ƙofa, tsirara, an sake mata abin mannawa. Jariri Yesu bai ko ƙwarzane ba. Kwalbar barandi ma ba ta fashe ba, abin da har yanzu nake tuhumar Cleto a kansa, ko da yake da hannunsa ya ba mai gidan burodi ita. Yanzu shi ne yake tsayawa a ƙasan bene idan ina hawa, yana yi kamar yana gyara takalmi, har sai ya ji na kai sama.

Farantai biyar suka tsira. Ranar da muka dawo gida na tsaya gaban kabad ɗin ina kallonsu, ba gilashi tsakanina da su. Kakarka ta jira babban baƙo bai zo ba, ni ma na jira. Da yamma na ce wa Cleto ya sauko da biyu. Ya ce, "Wa zai zo?" Na ce ba kowa. Muka ci shinkafa da dafaffen kifi a faranti mai bakin zinariya, shi da hannunsa mai ɗinki, ni da haƙarƙarina. Abincin ba gishiri, amma ban taɓa jin daɗin cin abinci kamar ranar ba. Tun daga nan a cikinsu muke ci, har na ba Jovelyn ɗaya. Naka yana jiranka, kuma kai za ka wanke abinka.

Shekaranjiya ina auna shinkafa gwangwani ya ci karo da wani abu a gindin buhu. Ashe makullin ne. Ga shi nan na naɗe maka a cikin takardar. Ba abin da yake buɗewa yanzu. Idan jirginku ya kai inda ruwa ya fi zurfi, ka fito daga kicin ka jefa shi.

Tiyarka,
Soling